Masu Kai Abinci Na Birnin Mumbai

A yammacin ƙasar Indiya, a bakin teku, akwai wani babban birni wanda ake kira Mumbai. Da sunansa Bombai, sai a shekarar 1995 aka sake masa suna. Mutanensa sun fi miliyan 12. Birnin dogo ne siriri, ruwa ya kusa kewaye shi. Manyan ofisoshi da yawa suna can kudu, gidajen ma'aikata kuwa suna arewa, da nisa ƙwarai.

Saboda haka akawu yakan bar gida da sassafe, tun ba a ɗora tukunyar rana ba. Ko da an sauke ta ma, ba shi da halin riƙe kwano cikin jirgin ƙasa, gama cunkoson safe ya kai mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Ga shi kuwa mutanen birnin kowa da irin cimarsa. Musulmi ba ya cin naman alade, mabiyin addinin Hindu ba ya cin naman shanu, waɗansu ma ba su cin nama ko kaɗan. Kowa ya fi natsuwa da abin da aka dafa a gidansa.

A shekarar 1890 wani mutum mai suna Mahadeo Bachche ya tara mazaje wajen ɗari, suka shiga aikin ɗauko abinci daga gidaje suna kai wa masu shi a wurin aiki. Ana kiransu dabbawala, watau masu ɗaukar kwano. Yawancinsu daga ƙauyukan wajen birnin Pune suka fito, da farar hula kuma ake gane su.

Ga yadda aikin yake tafiya. Da hantsi ɗayansu yakan bi gida gida a kan keke, yana karɓar abinci cikin kwanonin ƙarfe masu hawa uku ko huɗu. Yakan rataya kwano wajen talatin a jikin keken, ya nufi tasha. Can abokansa suna jira. Sai su zube kwanonin, su rarraba, wanda za shi tasha kaza a ware shi wuri ɗaya. Sa'an nan su jera su cikin dogayen akwatunan katako, su ɗauka a ka, su sa cikin taragon kaya. Jirgin ba ya daɗewa a tasha, don haka ba a yin nawa. A inda aka sauke su, waɗansu mutane dabam su sake rarrabawa unguwa unguwa, su kwasa a keke ko amalanke, ko kuwa a ka. Kafin ƙarfe ɗaya na rana kowane kwano ya isa hannun mai shi. Bayan an ci, su tattara kwanonin, su koma da su ta hanyar da suka zo.

Kwano ɗaya yakan bi ta hannun mutum uku ko huɗu, amma da wuya a ji ya ɓata. Asirin abin yana kan murfi. Da fenti ake rubuta 'yan haruffa da lambobi masu launi, waɗanda ke nuna tashar da ya fito, da tashar da zai sauka, da ginin da za a kai shi, har da hawan benen. Da yawa cikin mutanen nan ba su yi nisa a makaranta ba, amma da kallo ɗaya kowa yakan san inda kwano ya nufa. Ƙungiya ƙungiya suke aiki, kowace da shugabanta, su raba abin da suka samu a tsakaninsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masu sana'ar kai kaya sun ce zangon ƙarshe, watau daga tasha zuwa ƙofar mai kaya, shi ne mafi wuya da tsada. Babbar mota takan maƙale a cunkoso tana shan mai, tana zuba wa mutane hayaƙi, lungu kuma ba ya shiguwa gare ta. Mutanen Mumbai sun sami maganin wannan tun tuni. Doguwar tafiya sun bar wa jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, gajeriya kuwa ƙafa da keke, waɗanda ba su hayaƙi. Wannan dabara har a Turai ana bin irinta. A birnin Hambug na Jamus, a shekarar 2012, kamfanin UPS ya fara ajiye ƙunshin kaya wuri ɗaya a tsakiyar gari, ana rarraba su da kekuna.

Kafin shekarar 2020 masu kai abincin nan sun kai wajen 5,000, suna kai kwano wajen 200,000 kowace ranar aiki. A shekarar nan annobar korona ta sa aka rufe ofisoshi, aikin ya tsaya wata da watanni. Da yawa suka koma ƙauye ko suka kama wata sana'a, yawansu ya ragu ainun. Waɗanda suka saura suna nan da farar hularsu, suna kai wa kowa abincinsa a kan kari.

Tambayoyi

1. Me ya hana akawun Mumbai tafiya ofis da abincinsa?
2. Me ake rubutawa a kan murfin kwano?
3. Don me keke ya fi babbar mota amfani a zangon ƙarshe?