Makullin Imel ɗin Yaro Ya Kwana a Gida

Ya ku iyayen yara da malaman makaranta na Lambata da kewaye. Akwai wata magana da nake so mu yi a tsanake, a kan abin da yawancinmu ba mu ɗauka da muhimmanci ba, alhali yana iya tare wa yaro hanya ranar da ya fi bukatar wucewa. Ina nufin adireshin imel da ake buɗe wa yaranmu saboda karatu.

Abin bai daɗe da shigo mana gida ba. Da cutar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, malamai suka shiga neman hanyar isa ga ɗalibansu: wasu ta rediyo, wasu ta WhatsApp, wasu kuma ta Google Classroom, manhajar da kamfanin Google ya fito da ita tun 2014. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, inda yaro zai yi rajista ya bi darussa ta waya. An koma aji tuni, amma al'adar ta zauna. Yanzu ba abin mamaki ba ne yaron firamare ya dawo gida ya ce, "Baba, malam ya ce gobe kowa ya zo da imel ɗinsa."

To, ga yadda muka saba yi. Uba yana tsakiyar ciniki a kasuwa, ko yana shirin tafiya gona, sai ya zaro kuɗi ya ce, "Je wurin mai kafe ya buɗe maka." Mai kafe ga layin mutane a gabansa. Ya tambayi yaro sunansa, ya ƙara masa shekaru don na'ura ta amince, ya sa lambar wayarsa shi kansa tunda yaron ba shi da waya, ya rubuta kalmar sirri a gefen wata 'yar takarda ya miƙa masa. Yaro ya cusa a aljihun rigar makaranta. Ranar wanki takarda ta bi ruwan kumfa. Ba wanda zai lura, domin imel ɗin yana nan a buɗe cikin wayar Inna. Sai ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta a mota, sannan a tuna babu mai makulli a gidan. A koma shago, a tarar wancan saurayin ya bar gari, ko ya canza layi. Ba mugunta ya yi ba, taimako ya yi gwargwadon saurinsa. Mu ne muka bar amanarmu a hannun wanda ba a ɗora wa ita ba.

Kada ku ce ai imel ne kawai, a buɗe wani. A firamare haka ne, abin da za a rasa bai wuce ayyukan da yaro ya tura wa malami ba. Amma yaron nan zai girma. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga duk mai neman shiga jami'a. Ɗalibi yana tura lambar tasa ta saƙon waya zuwa 55019, a aiko masa da lambar da zai yi rajista da ita, kuma layin da ya yi amfani da shi ya zama nasa a wurin hukumar. Da imel da kalmar sirri yake shiga shafinsa ya ga ko an ba shi gurbi, ya kuma karɓa. Ko Jami'ar IBB ta Lapai yake nema, wadda hanyarta ta tashi daga mahaɗar garin nan, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ko Jami'ar Abuja, duk ta ƙofar nan zai bi. In ya shiga, neman rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024 zai sake tambayarsa imel. Yaro ya ci jarrabawa da guminsa, bai kamata ya tsaya yana safa da marwa tsakanin Suleja da Minna saboda wata kalma da ta ɓace ba.

Don haka abin da nake roƙonku shi ne ku ɗauki imel ɗin yaro kamar takardar fili. Ba wanda yake sayen fili ya bar takardarsa a hannun dillali. Kowa zai iya taimaka muku wurin buɗewa, amma ku kasance a wurin, kuma makullin ya kwana a gidanku.

Ku fara da gaskiya wurin shekaru. Google ba ya barin wanda bai kai shekara 13 ya buɗe imel da kansa, shi ya sa ake yi wa yara ƙarin shekaru. Ba a bukatar wannan ƙaryar. Tun 2017 akwai manhajar Family Link, wadda uba ko uwa za su buɗe wa ƙaramin yaro akawun a ƙarƙashin nasu, su ga manhajojin da yake saukewa, su ƙayyade lokacin da zai yi a kan waya, su canza masa kalmar sirri in ta ɓace. In kuwa aka yi ƙarya kamfani ya gano, yana iya rufe akawun ɗin. Bayan haka, ku duba abin da yaron ya koya a tsaye a wurin: ya ga babba ya rubuta ranar haihuwar da ba tasa ba don a samu biyan bukata. Wannan darasin ya fi na aji saurin shiga.

Sunan da za a sa wa adireshin ma a yi tunani. A sa sunan yaro na gaskiya, yadda yake a takardar haihuwa da ta NIN, ba laƙabin da abokai suke kiransa da shi a filin ƙwallo ba. Adireshin da aka buɗe wa ɗan aji huɗu, da shi zai iya neman aiki wata rana.

Sai kalmar sirri. Kada a sa sunan yaro, ko shekarar haihuwarsa, ko lambar wayar gida, domin su mai neman shiga yake fara gwadawa. Ku haɗa kalmomin Hausa uku ko huɗu da ba su da dangantaka da juna, ku sa lamba a tsakaninsu. Ku kauce wa haruffa masu lanƙwasa, domin ba kowace waya ce take da su ba. Sannan ku sayi ƙaramin littafi guda saboda wannan aikin kaɗai. Kowane yaro da shafinsa: adireshi, kalmar sirri, lambar wayar da aka haɗa, da ranar da aka buɗe. A ajiye shi inda ake ajiye takardun haihuwa da katin rigakafi. Uwargida, ke nake ba wa wannan ajiya, domin a yawancin gidajenmu abin da ya shiga adakarki ba ya ɓata. Wanda bai yi boko ba kada ya ji kunya. Ya sami ɗan'uwa amintacce ya rubuta masa a gabansa, amma littafin ya zauna a ɗakinsa.

Lambar wayar da za a haɗa ta zama ta uba ko ta uwa, layin da aka yi wa rajista da NIN ɗinsu kuma ake amfani da shi kullum. Layin da aka jefar a aljihun tebur wata da watanni, kamfani yana iya karɓe shi ya sayar wa wani, daga nan saƙon dawo da akawun a hannun baƙo zai faɗa. Haka kuma imel ɗin kansa ba ya son a yi watsi da shi: tun Disamba 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar goge akawun na mutum da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. A riƙa leƙawa ko da lokacin hutu ne.

Na san a gidaje da yawa waya ɗaya ce mai intanet. Bayan magariba za ka ga yara uku ko huɗu sun kewaye ta a tabarma, wannan na cewa a ba shi ya tura lissafi, waccan na jiran ta duba abin da malama ta aiko, caji kuma ya kusa ƙarewa. A nan ne ƙani yake tura aikinsa da sunan yayarsa, ko ya goge nata bai sani ba. Ku koya musu abu guda: kafin ka taɓa komai, dubi 'yar da'irar da ke sama a gefen dama, ka tabbatar sunanka ne a kai. In kuma a kwamfutar makaranta ko ta shago aka shiga, kada a tashi sai an fita daga akawun ɗin, kuma in na'ura ta tambaya ko ta adana kalmar sirri, a ce a'a.

Malamaina, ku ma ina da roƙo gare ku, domin na san nauyin da kuke ɗauke da shi. Sau da yawa malami saboda tausayi yakan zauna da daddare ya buɗe wa ɗalibai talatin imel da layinsa, dukansu da kalmar sirri iri ɗaya don sauƙi. Allah ya saka da alheri. Sai dai ranar da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Izom ko Gawu Babangida, makullan aji guda sun bi shi. Kuma kalma ɗaya ga kowa tana nufin kowane yaro zai iya shiga akwatin ɗan'uwansa. Makarantar da take da hali ta nemi tsarin Google Workspace for Education, inda makaranta ce take buɗe wa ɗalibai akawun da sunanta, ta iya tsara shi yadda saƙon mutumin waje ba zai iso ga yaro ba. Wadda ba ta da hali ta kira taron iyaye da malamai, a buɗe tare, kowane uba ya tafi da na ɗansa. Ku sani kuma doka ta shigo cikin lamarin: Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce, in ban da wasu keɓantattun yanayi, sai da yardar uba ko uwa ko mai riƙo ake sarrafa bayanan yaro. Don haka a daina liƙa sunayen yara da kalmomin sirrinsu a bangon aji, a daina tura su a zauren WhatsApp.

Ku kuma jikokina, ku matso ku ji. Kalmar sirrinka, ku uku ne kuka san ta: kai da Baba da Inna. Aboki ba ya ciki, komai shaƙuwarku. In saƙo ya zo yana cewa ka ci kyauta, ko an ba ka tallafin karatu sai dai ka turo lambar da aka aiko maka, kada ka tura, kada ka danna komai. Kai wa babba ya gani. Ba hukumar jarrabawa ko banki da zai tambaye ka kalmar sirrinka ta saƙo. In wani ya aiko maka abin da ya ba ka kunya ko tsoro, ka faɗa a gida. Ku kuma iyaye, in yaro ya kawo muku irin wannan, kada ku fara da tsawa ko ƙwace waya. Yaron da aka daka don ya faɗi gaskiya, gobe ɓoyewa zai yi, kuma ɓoyewar nan ita mayaudari yake jira.

Riƙon nan ba na har abada ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma manufar tarbiyya ita ce yaro ya iya tsayawa da ƙafarsa. A firamare, ku ne masu shiga masa. A ƙaramar sakandare, ya shiga da kansa, ku riƙa dubawa tare da saninsa, ba a ɓoye ba. In ya kai babbar sakandare, ku zaunar da shi ya zaɓi sabuwar kalmar sirri da kansa, ya rubuta ta a littafin gida da hannunsa. Kafin rajistar JAMB ku tanadar masa layin da zai riƙe shekara da shekaru, ku gaya masa dalilin da ya sa ba a canza shi. Ranar da zai tafi jami'a, ku miƙa masa abinsa gaba ɗaya, kun san ya iya riƙo.

Kada ku jira sai waya ta ɓata. A daren yau ku kira yaranku ɗaya bayan ɗaya, ku tambayi kowa: wa ya buɗe maka, lambar wa aka sa, wa ya san kalmar? Abin da kuka tarar ba daidai ba, ku gyara tun akawun ɗin yana buɗe, domin a lokacin gyaran ba ya cin kuɗi sai ɗan data. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa albarka a karatunsu, ya ba mu ikon sauke amanarsu.