Maruru da Gyambo: Shawarwari Ga Gidajen Gure

Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ƙwayar cutar sitafilokok a hancinsa ko a fatarsa, kuma lafiyarsa lau. Ita ke kawo maruru, da ƙurajen yara masu ɓawon rawaya, da yawancin mugunyar da ke taruwa a miki. Wani likitan tiyata ɗan Sikotlan, Alexander Ogston, ya gano ta cikin mugunya a 1880. Taurin kanta yana farawa ne idan ta samu wurin kamawa: sai ta fitar da wani yauƙi na dogayen sarƙoƙin sukari, ta manne da 'yan uwanta, ta lulluɓe. Ba sukarin shayi ba ne, ita ke saƙa abinta. Duk wadda ta taɓa zura hannu cikin jarkar ruwan da aka daɗe ba a wanke ba ta san irin wannan santsi, ta kuma san ɗauraya ba ta fid da shi sai an cuɗa. A ƙarƙashinsa sojojin jini ba sa iya cinye ƙwayar, magani ma da ƙyar yake taɓa ta.

1. A wanke miki nan take da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a bari sai dare. Cikin 'yan sa'o'i ƙwayar ke kamawa, kwana biyu zuwa uku yauƙin ya yi kauri. Abin da ya fi muhimmanci shi ne fitar da duk abin da ya maƙale: yashi, ƙaya, tsinken ƙarangiya, zaren tsumma. A 1957 wasu likitoci biyu a Landan, Elek da Conen, sun nuna cewa sai an zuba miliyoyin ƙwayoyin nan a fatar mutum kafin ta yi mugunya, amma idan akwai silin zaren ɗinki a wurin, ɗari kacal sun isa. A ƙasar rairayi da ƙaya irin ta Muniyo, inda yara ke bin awaki ba takalmi, wannan ita ce shawarar da ta fi sauran nauyi.

2. Kada a matse maruru, balle wanda ya fito tsakanin hanci da leɓe, domin jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. A riƙa gasa shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi sau uku ko huɗu a yini. In ya girma ya ƙi fashewa, a tafi cibiyar lafiya ta CSI a tsaga shi da kayan da aka tsarkake. Magabata da suke yin sakiya sun gane gaskiya guda, cewa mugunya sai ta fito. Inda ake samun matsala shi ne abin da aka huda da shi da abin da aka cusa a ramin bayan nan.

3. Reza, aska, soso da tawul, kowa da nasa. Wajen wanzami a tafi da sabuwar reza.

4. Cibiyar jariri a bar ta a bushe, ko a shafa maganin kulorheksidin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa. Toka, man shanu da ƙasa ba su da gurbi a nan. Haka mikin kaciya.

5. A daina sayen kafso a faranti a kasuwa ana farke shi ana barbaɗa garin a miki. Garin yana dunƙulewa a sama, ƙwayar tana ƙasa abinta. Penisilin da Alexander Fleming ya gano a 1928, a kan wannan ƙwayar ya fara ganin aikinsa, yau kuwa mafi yawanta ba ta jin sa. A 1961 aka ga wadda ta fi ƙarfin maganin metisilin ma a Ingila. In likita ya rubuta magani, a sha shi har ƙarshen kwanakin.

6. Mai ciwon suga ya duba ƙafafunsa kowane dare, har tsakanin yatsu. Ƙafar da ta daina jin zafi ba ta sanar da mai ita ƙaya ta shiga, daga nan gyambo ke farawa.

7. Robar ƙarin ruwa, robar fitsari da ƙarfen da aka sa wa ƙashi su ne wuraren da yauƙin ya fi son zama. Mai jinya ya wanke hannu kafin ya taɓa, ya kuma tambayi ma'aikaci ranar da za a cire ko a canja robar.

8. Mai ƙurji a yatsa kada ta tatsi saniya ko ta dama fura. Ƙwayar tana shiga hantsa ta kumbura ta, a cikin nono kuma tana zuba dafin da tafasawa ba ta kashe shi. Amai yakan fara 'yan sa'o'i bayan an sha.

9. Zazzaɓi tare da ƙurji, jan layi da ke hawa daga miki, jaririn da ya ƙi mama, ko yaron da ya ƙi taka ƙafa yana kukan ƙashi, musamman mai sikila: a kai asibitin Gure a ranar. In sun ce a wuce babban asibitin Damagaram, a nemi mota, kada a koma gida jiran ƙurjin ya nuna.