Yadda ake kankare tsohon fenti daga alminiyom

A Agye da Gazawa da Gidan Rumji, duk a jihar Maraɗi, ƙofofi da tagogin alminiyom suna shan zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da ruwan damina. Fenti bai cika kama wannan ƙarfe da kyau ba, shi ya sa yake kumbura yana ɓarewa. Shafa sabo a kan mai ɓarewa asarar kuɗi ce. 

Da farko a kanga mayen ƙarfe a jikin abin. In bai manne ba, mai yiwuwa alminiyom ne, kuma yana son lallaɓawa, don ya fi baƙin ƙarfe laushi nesa ba kusa ba. A wanke shi da ruwa da sabulu, a bari ya bushe a inuwa, sannan a ɗaga ɓawon da ya riga ya saki da makankarin roba ko na katako.

Abubuwa uku ke lalata aikin. Burushin baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushi a jikin alminiyom, da ya ji danshi sai wurin ya fara cin rami. Sodar da ake haɗa sabulu da ita tana cire fenti, amma tana cin alminiyom ɗin kansa. Ruwan toka da kanwa ma danginta ne, duk mai dafa wake a tukunyar sanholo ya ga yadda kanwa ke dusashe ta. Na uku wutar walda: alminiyom yana narkewa a digiri 660, kuma ba ya yin ja ya yi gargaɗi kafin ya lotse.

Fentin da ya ƙi fita a shafa masa maganin cire fenti, wanda gwangwaninsa ya nuna ya dace da alminiyom. A shafa da kauri, a rufe da leda don kada iska ta busar da shi, a jira lokacin da aka rubuta, a kankare. Aikin waje ne, da safe, da safar hannu da takunkumi.

Ragowar a bi ta da samfefa mai lamba 80, a gyara da 180. A riƙa jiƙa ta, saboda tsohon fenti kan ƙunshi dalma, ƙurarta kuwa guba ce, musamman ga yara. A tattara ɓawon a ƙulle, nesa da rijiya da turken dabbobi.

A ɗauraye, a busar, a goge da tina. A ranar za a shafa fentin shimfiɗa na alminiyom, shafi marar kauri, kafin maiƙon hannu da ƙura su sake hawa. In ya bushe sai fenti shafi biyu, a ranar da babu hazo.