Yadda Za Mu Kare Radiyo, Tele Da Firigo Daga Tashin Kuran

Damina ta kama, hadari ya fara. A wannan lokaci ne masu gyaran radiyo suke samun aiki da yawa. Bara, a wani gari da muka je rangadin azuzuwan yaƙi da jahilci, mun tarar da firigon gidan likita ya ƙone a dare guda. Alluran rigakafin yara suna ciki. Yawancinsu suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Kafin a kawo mai gyara, sun lalace, mata suka koma gida da ƴaƴansu ba a yi musu allura ba.

Me ya kawo wannan? Kuran ɗin da ke shigowa gidajenmu ƙarfinsa bolt 220 ne. Amma in aradu ta faɗi kusa da wayoyi, ko wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, sai ƙarfin ya yi tsalle, wani lokaci har bolt dubbai. Tsallen bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa ya ƙone ƙananan kayan da ke cikin radiyo, tele, cajar salula, ko akwatin famfon hasken rana na garka.

Mai noman rani ya san maganin irin wannan. In ruwa ya yi wa hanyarsa yawa, yakan fasa gefe, ruwan ya zube waje, kada ya cinye fangalin albasa. Masana sun yi wa kuran irin wannan mafita. Sunanta baristans. Ƴar aba ce mai kama da maɓallin riga, sau da yawa shuɗiya, da ƙafafu 2 na waya. Da garin tutiya ake yin ta, a haɗa shi da wasu sinadarai, a gasa kamar yadda ake gasa tukunya. Kamfanin Matsushita na ƙasar Japan ne ya ƙirƙiro irinta a 1968.

Halinta shi ne abin mamaki. Jan ƙarfe kullum yana barin kuran ya wuce. Roba kullum tana hana shi. Ita baristans tana tsakani. In kuran yana bolt 220, tana rufe, kamar ba ta nan. Da ya haura wajen bolt 400 zuwa sama, nan take sai ta buɗe, ta kwashe rarar, ta kauda ita daga kayanmu. In ya sauka, ta sake rufewa. Akwai ƙanwarta, wata irin diyod da ake yi da silikon, wanda ake samu daga yashi. Ita ce ke tsaron kayan da ke aiki da ƙaramin kuran.

A kasuwa, ku nemi piriz mai bakuna da yawa wanda aka rubuta wa “parafoudre”. Ku lura, ba kowane piriz mai jar fitila ke da baristans ba. Wani makunni ne kawai. Kuma kada a haɗa shi da regilater, wanda babban aikinsa ɗaga kuran ne in ya yi rauni.

Baristans tana tsufa. Duk bugun da ta sha yana rage mata ƙarfi. In fitilar da ke nuna kariya ta mutu, ko kun ji ƙauri, ku sake wani piriz, ko da yana ba da wuta. Haka kuma tana bukatar wayar ƙasa, wato wayar da aka ɗaure wa sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Gidajenmu da yawa ba su da ita, kuma busasshen rairayi ba ya ɗaukar kuran sosai. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, kada ku taɓa da kanku.

Gaskiyar magana, in aradu ta faɗa kan gida kai tsaye, piriz ba ya tare ta. Saboda haka da kun ga hadari ya haɗo, tun kafin tsawa ta fara, ku zare radiyo da tele, ku cire wayar anten. In wuta ta ɗauke, ku zare firigo. Bayan ta dawo, ku jira kamar minti 5 ta zauna, sannan ku mayar da shi.