Darasi: Sayen Tsohon Faifan Garmaho

Kafin zuwan kaset da wayar hannu, a rediyo da faifan garmaho ake sauraren waƙoƙin Ɗanmaraya Jos da Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Yau irin waɗannan faya-fayai sun yi wuya, shi ya sa masu tara kayan tarihi suke nemansu.

Idan aka kawo maka tallan faifai a Maitama, kada ka yi gaggawar tayawa. Da farko, riƙe shi ta gefe, ka duba shi a haske, domin karce mai zurfi yana sa allura tsalle. Sannan ɗora shi bisa tebur. Idan zafi ya lanƙwasa shi, ba zai kwanta daidai ba. Karanta takardar tsakiya ka ga sunan mawaƙi da yawan juyawarsa a minti ɗaya: 33, 45 ko 78. Mai 78 yana saurin fashewa.

Daga ƙarshe, nemi a sa maka shi ka saurara kafin ka biya. Hausawa sun ce, ba a cinikin biri a sama.

Tambayoyi
1. Me yake sa allura tsalle?
2. Yaya ake gane lanƙwasasshen faifai?