Idan Al'ada Ta Ɗauke Kafin Shekara 40

Wata baiwar Allah mai shekara 33 ta rubuto cewa wata shida ke nan ba ta ga al'adarta ba. Zafi kan taso mata daga ƙirji zuwa fuska, da dare kuma gumi ya jiƙa ta sharkaf. Mutanen gida sun ce ciki ne ya kwanta.

'Yar'uwa, ki fara da gwajin ciki. In babu, a bar zancen kwantaccen ciki, ki je wurin likitan mata. Abin da nake zargi shi ne ma'ajiyar ƙwanki ta rage aiki tun lokacinta bai yi ba, wanda gwajin jini ne ke nuna shi.

Babban abin da ake aunawa shi ne sinadarin FSH. Ƙwaƙwalwa ce ke aiko shi ya tashi ma'ajiyar ƙwai. In ma'ajiyar ta yi shiru, sai ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara aikowa, kamar mai sallama a gidan da ba a amsa ba. Idan FSH ya haura 25, alhali al'ada ta ɗauke ko ta rikice na wata huɗu, a nan ake tsayar da magana. In da shakka, a maimaita bayan mako huɗu zuwa shida. Wadda jininta ke ɗan zuwa, rana ta biyu ko ta uku ta fi dacewa. Ki gaya wa likita in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, domin tana danne FSH, sakamakon ya fito lafiya lau alhali ba haka ba.

A haɗa da istirojin, da furolaktin, da gwajin tayirod, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Matsalolin waɗannan biyun na ƙarshe su ma suna ɗauke al'ada, kuma suna da magani. Gwajin AMH da ake ta yayi, ga tsada, shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

In ta tabbata, sai neman dalili: gwajin ƙwayoyin gado, saboda lalurar Turner da sauyin FMR1, da duba ko garkuwar jiki ce ke yaƙar jikin. Sau da yawa ba a gano komai.

Ma'ajiyar kan farfaɗo jefi-jefi, har wasu ƙalilan su samu ciki. Amma kada ki tsaya kan haihuwa kawai: rashin istirojin na cin ƙashi, yana taɓa zuciya. Shi ya sa ake ba da maganin maye gurbinsa har wajen shekara 50, sai in akwai abin da ya hana, kamar sankarar mama.