DARASI: ƊA BA YA TSAYAWA A ZAURE

Karatu: Luka 18:9-14, Matiyu 8:5-13, Ibraniyawa 4:14-16

'Yan'uwa cikin Kristi, a ƙauyukanmu na ƙasar Gwarzo da Kabo akwai waɗanda aka yi musu baftisma tare da mu, amma yau ba ma ganinsu a majami'a. Wani ya koma wurin boka sa'ad da ɗansa ya kwanta ciwo. Wata aurenta bai sami albarkar Ikkilisiya ba. Wani kuwa giya ta rinjaye shi. In katekis ya ziyarce su, amsarsu ɗaya ce: da wace fuska za su tsaya gaban Allah? Sun bar zuwa sujada, sun kuma bar addu'a a ɗakunansu. Mu ma da muke zuwa, sau da yawa wannan nauyi yakan rufe mana baki.

1. Kunya da iyakarta

Kunya ado ce a wurinmu. Talaka in zai ga hakimi, sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya jira a yi masa iso. Mai laifi kuwa ba ya ko kusantar fada sai ya sami mai roƙa masa. Wannan ladabi ne mai kyau, amma kuskure ne mu zaci haka take tsakaninmu da Allah. Baƙo ne ke tsayawa a zaure. Ɗan gida, ko ya yi ɓarna a gona, cikin gida yake shiga, gama hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Baftisma ta mai da mu 'ya'ya, shi ya sa Yesu ya koya mana mu kira Allah Uba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta nuna cewa an riga an yi mana iso: Yesu ne Babban Firist namu, ya san rauninmu, domin shi ma an gwada shi, ko da yake bai yi zunubi ba.

2. Mutum biyu da suka san ba su isa ba

Mai karɓar haraji na cikin misalin Yesu ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga ido, yana bugun ƙirji. Amma mu lura: Haikali ya zo, bai zauna a gida ba. Ya buɗe baki ya roƙi jinƙai, shi ne kuma ya koma gida baratacce, ba Bafarisiyen da ya lissafta azuminsa da zakarsa ba.

Hafsan sojan Roma a Kafarnahum ya ga bai cancanci Yesu ya shiga gidansa ba, duk da haka ya roƙa wa bawansa lafiya, ya kuwa samu. Maganarsa ce Ikkilisiya ta sa a bakinmu a kowace Mass kafin mu karɓi Jibi Mai Tsarki. Fada yakan faɗe ta, Bishop ma haka. Ashe babu wanda ya cancanta a cikinmu. Tawali'u yakan kai mutum gaban Allah. Kunyar da ke nisanta shi daga Allah kuwa tarkon Shaiɗan ce.

3. Shaidar Waliyya Tereza

Waliyya Tereza ta Lisieux, a ƙasar Faransa, ta rasu a 1897 tana da shekara 24. Tun tana yarinya ta sha azabar tsoron zunubi, har ta gane cewa ƙanƙantarta ce dalilin da zai sa ta jingina ga Allah kamar jariri a hannun mahaifinsa. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa ta cikin Malaman Ikkilisiya a 1997, marigayi Paparoma Francis kuma ya rubuta wa dukan masu bi wasiƙa a kan dogararta a 2023.

4. Me za mu yi?

Dole mu bambanta abu biyu. Wanda ya san yana da babban zunubi ba zai karɓi Jibi ba sai ya furta zunubinsa ga Fada. Amma addu'a ba ta da wannan sharaɗi. Ƙofar majami'a ma a buɗe take gare shi. A ƙauyen da Fada ba ya samun zuwa kowace Lahadi, kada mu jira zuwansa kafin mu yi magana da Ubanmu. Mu fara a daren nan: mu durƙusa, mu ambaci laifin da sunansa, mu roƙi gafara, mu ƙudura zuwa furta zunubi da zarar dama ta samu. Maras lafiya ba ya jira ya warke kafin ya je asibiti.

Mu da muke ciki kuma, mu kiyaye harshenmu da kallonmu. Sau da yawa idonmu ɗan'uwa yake tsoro, ba idon Allah ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

(a) Mene ne bambancin tawali'u da kunyar da ke hana addu'a?
(b) Wa ya daina zuwa a cikinmu, wa kuma zai ziyarce shi a wannan mako?

Addu'a

Ya Uba, ka san mu sarai, ba ka kuwa kore mu ba. Ka kawar da tsoron da ke tsai da mu a bakin ƙofa, ka komo da 'yan'uwanmu gida, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.